Maɓalli Ɗaya a Cikin Kofi

Kullum bakwai saura kwata Baba Maɓalli yake isowa bakin ƙofar masana'antar yanka kwanon rufi, ko ana ruwa ko ana rana. Ba ya wucewa ciki kai tsaye. Sai ya ratse ɗan ɗakin mai gadi, ya ajiye jakarsa a kan benci, su gaisa. Mai gadin ya riga ya tuɓe kayan gida ya saka rigar aiki, sai ya miƙo hannun hagu ba tare da ya dube shi ba, kamar mai ba tela awo. Baba ya kama bakin hannun rigar, ya ɓalla maɓallin, ya ɗan ja ya ji ya zauna. Mai gadi ya ce masa yau ma ya makara, alhali bai makara ba. Baba ya ce masa rigar nan tana kukan sabulu, alhali jiya aka wanke ta. Shekara goma sha tara ana haka. Sababbin ma'aikata sukan ɗauka wasan tsofaffin abokai ne. Sai sun kwana biyu suke lura cewa yatsu biyu ne a hannun daman mai gadin, babba da ƙarami, kuma da irin waɗannan biyun ba a ɓalla maɓallin hannun hagu.

Daga nan sai ya hau matakala zuwa ofishinsa, in dai za a kira shi ofis. Wani lungu ne da aka yanka daga ɗakin ajiya, taga ɗaya, ita ma ba waje take kallo ba. Cikin masana'anta take kallo, daidai kan babban injin da ake kira Almakashi, wanda wuƙarsa ta kai tsawon mutum biyu a kwance. A kan teburinsa akwai kwamfuta, da madubin ƙara girman rubutu da ya fara dogara da shi bara, da tsohon gwangwanin alewa cike da maɓallai, da wani kofin shayi mai karyayyen hannu da ba a shan komai a cikinsa. Maɓalli ɗaya ne a cikin kofin, shuɗi, irin na rigar aiki. Kafin ya kunna komai sai ya leƙa. Yana nan. Sai ya zauna.

Haka yake yi, ko in ce haka ya yi ta yi har ƙarshen watan jiya, da ya ajiye aiki bayan shekara ashirin da bakwai. Shi ya rubuta manhajar da ke tafiyar da Almakashi, wato shi ya tsara wa injin lokacin da wuƙa za ta sauka da lokacin da za ta tsaya. A wajen ƙofar nan ba wanda ya san haka, a cikinta ma ba kowa ba. Ni da nake masa wannan jinjina mai rubuta sanarwa ne a wurin. Duk takardar da ka gani manne a bango tana cewa a kiyaye, a kula, a mayar da kaya inda aka ɗauko, aikina ne, kuma lemar da na ara a hannun surukina shekara huɗu da suka wuce tana nan bayan ƙofata. Don haka in na yabi mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana mayar da abin da ya ɗauka, a sani yabon gurgu ne ga mai tsere.

Sau uku ya yi mini bayanin sana'arsa kafin ta shiga kaina, a na ukun ma sai da ya sauko da ita ƙasa-ƙasa. Ya ce in ɗauki ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar zauren taro mai kujeru ƙidayayyu. Duk saƙon da ya shigo, umarnin yanka ne ko labari daga wani sashe na injin, sai an jawo masa kujera ya zauna kafin a saurare shi. A tsohuwar hanya, wadda shi ya tashi a kanta, mai rubuta manhaja shi ke jawo kujerar da kansa, shi ke mayar da ita idan baƙo ya tashi. Aiki ne mai sauri, ba ya cin wuri, kuma ka san abin da zai faru a kowane lokaci. Amma fa in ka manta kujera ɗaya a wata kusurwa, ta tafi ke nan. Gobe wata ta bi ta, jibi wata, har ranar da baƙo zai shigo ya tarar ba wurin zama. Wannan shi suke kira yoyo. In kuma ka yi garaje ka janye kujera mutum na kai, ya sha ƙasa. In ka mayar da ita sau biyu, wata rana mutum biyu za a ba ita.

A sabuwar hanya kuwa, yaren kwamfutar da ake rubutun da shi yakan zo da mai shararsa. Kai dai jawo kujera ka yi gaba, shi zai riƙa zagayowa yana kwashe duk wadda ba kowa a kanta. Ba ya mantuwa, ba ya gajiya, ba ya yin cacar baki da matarsa da safe ya zo aiki da rabin hankali. Aibinsa biyu ne: yana son zaure mai faɗi, sannan ba ya sallama. Lokacin da ya ga dama yake shigowa, kuma in ya shigo kowa sai ya ɗaga ƙafa ya tsaya cak har ya wuce. Tsayuwar takan gaza ƙiftawar ido. Na ce to ai wannan ba komai ba ne. Baba ya nuna mini taga da haɓa, ya ce in sauka in tambayi wuƙar can ƙiftawa nawa take buƙata.

A gaban wuƙar akwai wani zaren haske da ido ba ya gani. Hannu ya ratsa shi, saƙo ya tafi kwamfuta, wuƙa ta tsaya. Shekara takwas da kama aikin Baba, wata Talata da hantsi, hannu ya ratsa hasken, saƙo ya tafi, wuƙa ba ta tsaya ba.

Mai hannun shi ne wanda a lokacin ake kira Sarkin Almakashi, mutumin da yake saita kwano da ido ya fi mai awo da tef daidai, mai 'ya'ya huɗu da na biyar a hanya. Kwano ne ya karkace, ya kai hannu ya gyara kamar yadda ya yi sau dubu, ya dogara da hasken kamar yadda aka koya masa ya dogara. Baba yana bakin taga ya gani. Ya ce abin da bai bar kunnensa ba har yau ba ihu ba ne, don mutumin bai yi ihu ba. Ƙarar injin ce da ta ci gaba kamar ba abin da ya faru, wuƙa ta koma sama tana jiran kwano na gaba.

Kafin la'asar manajan wancan zamani ya kira ni ya ce in rubuta sanarwa: sakacin ma'aikaci ne, kowa ya shiga taitayinsa. Na rubuta. Har na ƙawata ta da karin magana, in kunne ya ji jiki ya tsira, na ja mata layi a ƙasa. Ban taɓa rubuta takardar da ta yi kyau irinta ba, kuma ba ni da wadda nake jin kunya kamarta. Aka kashe injin aka sake kunnawa, ya tashi garau, haske yana tsayar da wuƙa yadda ake so. Magana ta mutu. Duk wanda ka tambaya sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Baba ne kaɗai bai yarda da wannan ranar ba. Ya buga manhajar gaba ɗaya a takarda, ya sa rula yana bin ta layi-layi, kwana shida. A na shidan ya samu. In ma'aikaci ya soke umarnin yanka a tsakiya, manhajar takan fita ta wata ƙofar gefe, ta bar kujera a inda take. Sau biyu ko uku a yini ake irin wannan sokewa, kuma da can duk ƙarshen mako ana kashe injin, kujeru su koma wurinsu ba wanda ya sani. A wancan lokacin aiki ya yi yawa, aka yi mako bakwai ba a kashe shi ba. Kujeru suka yi ta zurarewa, har ranar Talatar nan saƙon haske ya shigo zaure a guje ya tarar ba inda zai zauna. Layi ɗaya ne ya manta bai rubuta ba, shekara takwas baya, wataƙila ana kiransa cin abinci.

Ba wanda zai taɓa ganowa. Kashe injin da aka yi ya share shaidar, kuma duk masana'antar shi kaɗai ke iya karanta rubutun. Layi ɗaya zai ƙara ya yi shiru, ya ci gaba da hawa matakalar girma da aka riga aka kafa masa. Sai ga shi a ofishin manaja da takardu a hannu ɗaya, da sanarwata da ya ɓamɓaro daga bango a ɗayan. Ina wurin, an kira ni in ɗauki wata wasiƙa. Manaja ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaye shi wa ya aike shi.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "hannunsa ya yi abin da aka koya masa. Nawa ne bai yi ba."

Aka sauke sanarwar. Sarkin Almakashi bai tafi gida da sunan mai sakaci ba, aka yi masa magani, aka ba shi ƙofa ya tsare. Baba kuwa aka kwashe teburinsa daga babban ofis aka kai lungun nan, kuma daga ranar duk lokacin da ake rabon muƙami sai a tuna cewa yana da matuƙar amfani a inda yake.

Ranar da za a sallami mutumin daga asibiti Baba ya je. Ya same shi zaune a bakin gado shi kaɗai, matarsa ta fita neman mota, yana kokawa da maɓallin rigarsa da hannu naɗe cikin bandeji. Ya ja, ya ja, har maɓallin ya tsinke ya gangara ƙarƙashin gado. Baba ya durƙusa ya ɗauko. Ya ɓalla masa sauran ɗaya bayan ɗaya, kuma yana ɓallawa yana gaya masa gaskiyar abin da ya faru, don ya ce ba zai iya faɗa yana kallon idonsa ba. Da ya gama, mutumin ya miƙo hannun hagu ya ce, "To ɓalla mini na hannun ma." Iyakar abin da ya taɓa cewa kan maganar ke nan. Tsinkakken maɓallin ya kwana a aljihun Baba, da safe ya jefa shi cikin kofi.

Daga nan al'adar ta samo asali. Matarsa tela ce, ya ɗauke mata gwangwanin maɓallai. Duk layin da ya rubuta mai jawo kujera, sai ya ɗauki maɓalli ɗaya daga gwangwani ya sa a kofi. Ba zai mayar da shi ba sai ya bi kowace ƙofar fita, babba da ta gefe, ya tabbatar kujerar ta koma. Kuma ba ya tashi daga aiki sai shuɗin nan kaɗai ya rage. Matar ta yi mita har ta gaji. Ta ce ita ce tela ta farko da mijinta ke sa ta jin kunyar masu kaya, da ta san haka da zif ta ƙware a kai. Daga baya ita da kanta take ware masa waɗanda ba su da 'yan'uwa. Amma akwai abin da ba ta yafe da wuri ba. Ranar da babbar 'yarsu ta karɓi kyauta a makaranta, kujerar uba ta zauna ba kowa, saboda maɓalli uku sun ƙi fita daga kofi. Yarinyar ta yi aure yanzu, tana da nata 'ya'yan, kuma har yau in ta so tsokanarsa sai ta tambaye shi lafiyar yayyenta na cikin gwangwani. Yakan yi dariya. Dariyar ba ta kai zuci.

Kai ne, Baba, wanda ya tone kansa bayan ƙasa ta riga ta rufe magana. Kai ne mai ɗakin da ya san inda yake masa yoyo, bai kuma ɗora wa ruwan sama laifi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka irin tsofaffin nan ne masu ganin duk abin da aka ƙirƙiro bayan aurensu lalacewa ne. Shekara goma da suka wuce shi da kansa ya kwashe manhajojin ofis, na karɓar oda da na ɗakin ajiya da na jadawalin ma'aikata, ya mayar da su yare mai mai shara, ba wanda ya sa shi. Ya ce in allon magatakarda ya daskare na ƙiftawar ido, ba abin da zai zuba sai shayinsa. Ya ce wanda ya fi kowa tsoron hannun ɗan Adam shi ne wanda ya ga abin da nasa ya yi. Wuƙa kaɗai ya riƙe.

Bara aka kawo wadda za ta gaje shi. Injiniya muke ce mata, mace mai 'ya'ya biyu da shekara goma na aiki a wasu wurare, mai saurin magana da saurin gane abu, irin mutanen da nake kauce wa a matakala don kada su tambaye ni ra'ayina. Ta karanta manhajar Baba cikin mako uku, ta zo taro da shawara: a sake rubuta komai da sabon yare, har da wuƙa. Hujjojinta kuwa ba na banza ba ne. Ta ce yawancin faɗuwar tsofaffin manhajoji daga mantuwar mutum take, ba daga jinkirin inji ba. Ta ce masu shara na yanzu ba irin na da ba ne, tsayuwarsu ta ragu har da ƙyar ake auna ta. Ta ce in aka yi tallar aiki yau, cikin masu nema ashirin da wuya a sami ɗaya da ya iya tsohon yaren, kuma ba za a rataya hannuwan mutum arba'in a kan gwangwanin alewa da idon dattijon da ke karatu da madubi ba. Baba ya ce shi ba matsakaicin jinkiri yake tambaya ba, na ranar da ta fi kowace muni yake tambaya, ranar da zaure ya cika maƙil. Suka yi ta yi. Da abin ya yi zafi sai ta faɗi wadda kowa ya sani ba mai faɗa.

"Baba, ka gafarce ni. Ba mai shara ne ya yanke hannun mai gadi ba."

Sabon manaja ya shiga duba biro ɗinsa kamar yau ya fara ganinsa. Ni na rubuta kwanan wata sau biyu a littafin taro.

"Gaskiyarki, 'yata," in ji Baba. "Mantuwa ta riga ta ci nata a gidan nan. Ba na so in tafi in bar jinkiri ya zo cin nasa."

Aka yarda a gwada. Akwai tsohon Almakashi a bayan masana'anta da ake koya wa sababbi aiki a kansa. Injiniya ta ɗora masa sabuwar manhaja, aka kawo sandunan tsintsiya ana zura su cikin hasken a madadin hannu. Kwana uku, sau dubu da ɗoriya, wuƙa tana tsayawa cak. Manaja ya fara murmushi. Baba ya roƙi mako biyu: a loda wa injin oda irin na ranar da aiki ya fi yawa, a yi ta sokewa ana sabuntawa, kada a kashe shi ko sau ɗaya. Shi da kansa ya tsaya yana zura sandar, da ciwon bayansa, daga safe har tashi. Ni aka naɗa mai ɗauko sanduna, muƙami mafi girma da na taɓa riƙewa a fannin kimiyya.

Rana ta tara, bayan an dawo daga cin abinci, muka ji ƙas. Ba wata babbar ƙara ba. Kan sandar ne ya faɗi, bai wuce tsawon gaɓa biyu na yatsa ba, ya gangara ya tsaya a jikin takalmin Injiniya. Ta ɗauka ta juya shi a tafinta. Ta koma kan kwamfuta ta bincika, ta dawo ta faɗa da bakinta ba tare da kwana-kwana ba: mai shara ne ya shigo daidai lokacin, ya tarar da zaure a cike, ya daɗe fiye da yadda ya taɓa daɗewa.

Na juya ina jiran in ga fuskar wanda ya yi nasara. Sai na ga dattijo ya zauna a kan akwatin katako, ragowar sandar a kan cinyarsa, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Da muka keɓe ya ce mini kwana tara yana zura sandar nan yana roƙon Allah kada ta yanku.

"Na so Injiniya ta kayar da ni," ya ce. "Na so in tafi gida in bar wuƙar a hannun abin da ba ya mantuwa."

Bai samu ba. Abin da ya samu ma ya fi haka ɗaci. Da suka zauna gyaran tsohuwar manhajar tare, Injiniya ta sa mata wasu na'urorin bincike na zamani, sai ga yoyo biyu a cikin rubutun Baba, ɗaya ya shekara goma sha huɗu yana ɗiga. Bayan duk maɓallan nan. Abin da ya rufa asiri kawai shi ne dokar da shi ya kafa tun bayan hatsarin, cewa duk ƙarshen mako sai an kashe injin ko da oda ta kai rufi. Injiniya ta nuna masa a keɓe, ta ce ta riga ta toshe, ba sai kowa ya ji ba. Ranar Litinin ya tashi a taro ya faɗa da kansa. Ya ce maɓalli ma hannun mutum ne ke ɗaga shi. Kwana biyu bai taɓa gwangwanin ba.

Abin da suka tsayar a ƙarshe bai ba kowa cikakkiyar nasara ba. Suka ware sashen wuƙa shi kaɗai, ɗan ƙarami, bai wuce shafi huɗu ba. A cikinsa ba jawo kujera, ba mayarwa, ba mai shara: da an kunna injin ake jera kujerun duka a kafe su da ƙusa, kuma akwai guda ɗaya ta saƙon haske da ba mai zama a kanta har abada. Duk sauran manhajar suka miƙa wa mai shara, ya yi ta shararsa. Wannan ya ci wata huɗu daga hutun ritayar Baba da sauran abin da ya rage na idonsa. Manaja ya rasa wasu kwalliyar da ya yi wa masu masana'anta alkawari, don abin da aka kafe da ƙusa ba ya faɗaɗa da daɗin rai. Injiniya kuma dole ta zauna ta koyi tsohon yaren har ƙarshensa. Ta ce ta zo rushe ɗaki ta ƙare da gadonsa, kuma ita ma ba ta san wa za ta bar wa ba.

Walimar sallamarsa minti goma sha biyu ta ɗauka, a ɗakin cin abinci, da lemon kwalba. Manaja ya kira shi mai gyara mana kwamfutoci. Aka ba shi agogon bango mai ƙananan lambobi, shi da ba ya ganin lambar motar da ke gabansa. Ni na rubuta jawabin, ni kuma na zaɓo agogon, don haka kada a nemi mai laifi da nisa. Masu aiki a kan Almakashi ba su zo ba, ba a tsayar da aiki ba. Ta ƙofa ana hango su suna tura kwano, kowa da yatsunsa goma. Ba wanda ke zuwa godiya a kan yatsan da bai rasa ba. Wannan shi ne ladan irin aikinsa: in ya yi kyau, ba abin da ke faruwa.

Muka rako shi ƙofa, ni da Injiniya, tana riƙe masa da agogon. Ya ratse ɗakin mai gadi, ya ciro wata 'yar takarda a naɗe daga aljihu ya buɗe. Shuɗin maɓallin ne.

"Na kawo maka kayanka," ya ce.

Mai gadi ya ɗauka da yatsunsa biyu, ya ɗaga shi wajen haske ya daɗe yana dubawa. Ya ce shekara goma sha tara mutum yana riƙe da kayan mutane, sai da rigar ta zama tsumma ta ƙare sannan zai kawo. Baba bai yi dariya ba. Mai gadi ya dube shi, wannan karon ido cikin ido.

"Malam, ni na daɗe da ajiye nawa. Kai ne ka ƙi ajiyewa. Wannan kuwa ba naka ba ne, ba nawa ba ne." Ya miƙa wa Injiniya. "Na mai kujerar ne. Mayar da shi kofin, ki riƙa leƙawa."

Ta karɓa da hannu biyu. Baba ya ɗauki jakarsa. Har ya kai bakin titi mai gadi ya tambaya, ba da ƙarfi ba, kamar mai tambayar iska, gobe wa zai ɓalla masa hannun riga. Aka yi shiru irin wanda ke neman wawa ya cike shi. Na ce ni.

A makon farko sau biyu na manta. Ranar Laraba na hango shi daga sama yana ɗaga wa babbar mota shinge, hannun rigar yana lilo. Da na sauko ina ba da haƙuri bai yi fushi ba. Ya miƙo hannun kawai ya ce Baba bai taɓa ba.

Baba Maɓalli, an ce yanzu kana zaune a shagon maiɗakinka kana ware mata maɓallai da lalube, manya gefe, ƙanana gefe, kuma har yanzu bakwai saura kwata ta same ka da takalmi a ƙafa. Ban sani ba ko wani zai karanta maka wannan. In an karanta, to mun gode. Mun gode a madadin mutum arba'in da ba su san suna da abin gode maka ba, da matansu, da 'ya'yan da ake ɗauka da hannu biyu cikakku. Kai ne ka nuna mana cewa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, inji ma haka, kuma aikin mai hankali shi ne ya san wace tara zai jingina da ita a wane wuri. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sauke maka abin da mai shi ya riga ya yafe.

Ku kuma masu wannan sana'a, da mu da ba mu iya ta ba, ga abin koyi. Inda mai shara zai iya, ku bar masa, kada girman kai ya sa ku riƙe abin da hannunku zai yar. Inda wuƙa take, ku tsaya da kanku, ku gwada da sanda har rana ta tara. In kuma kun manta kujera wani ya sha ƙasa, ku je ku faɗa tun ba a tambaye ku ba.

Kofin yana kan teburin Injiniya, na gani da idona tana leƙawa kafin ta zauna. Lemar surukina kuwa, kafin in kammala rubutun nan na mayar ranar Asabar, ya ce ya riga ya sayi wata. Gobe bakwai saura kwata ina bakin ƙofa. Na sa maɓalli a aljihu don kada in manta.